Kada Ka Dawo Saboda Rani Ɗaya

Zauro,
Ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga Yaya Lawali,
Garejin Malam Garba, Argungu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, ka yi haƙuri da ganin rubutuna. Na san ba wurina ba ne in ɗauki biro in rubuta wa babban wana takardar nasiha, ni da ko ido ba na iya haɗawa da kai idan kana magana. Ba ni na sa kaina ba. Baba ne ya kira ni yau ina dawowa daga makaranta, ko hijabi ban cire ba, ya ce in ciro takardu daga tsakiyar littafina in zauna kusa da shi ƙarƙashin darbejiya. Ka san tun da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin dama a damina, hannunsa bai ƙara riƙe alƙalami ba.

Na ce masa ga waya, me zai hana a kira ka. Ya ce maganar waya ana gamawa take ɓacewa, kuma kana jin muryarsa za ka yi ta cewa "to Baba, to Baba," ka ajiye waya ka aikata abin da ka riga ka ƙudura. Akwai dalilin da bai faɗa ba, amma ni da Inna mun sani. Kai ne ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanka ba balle ya zaunar da kai ya buɗe maka cikinsa.

Abin da ya jawo takardar nan shi ne wayar da ka yi wa Inna jiya. Ka ce mata ba za ka tafi Kaduna ranar Litinin ba, za ka bar gurbin da makarantar injiniyoyi ta ba ka, ka dawo ka riƙe gonar fadama wannan rani tunda Baba ba ya iyawa, karatu sai wata shekara. Da safe ta gaya masa. Ta ce tun daga lokacin ko kunu bai sha ba, sai da na dawo.

Na rubuta da Hausar makaranta, ya ce ba komai muddin ban rage masa magana ba. Daga nan shi ne ke magana.

Yaro, ina gaishe ka. Ina gaida Malam Garba da iyalinsa da abokan aikinka. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya kiyaye hannunka daga ƙarfe da wuta.

Na ji abin da ka gaya wa uwarka. Na gode. Kulu, sake rubutawa, na gode. Ba kowane mai haihuwa ke samun ɗan da zai ajiye rabonsa ya juyo don ubansa ya kwanta ba. Allah ya ba ka masu yi maka haka. Amma ban yarda ba, kuma zan gaya maka dalili, domin hanyar da kake shirin kamawa ni na san ta da ƙafata.

Ina ƙasa da shekarunka kaɗan aka ɗauke mu mu biyu daga garin nan, ni da abokina Umaru, zuwa makarantar koyon aikin gona. Wata huɗu na yi a can. Sai aka aiko cewa kakanka ya kwanta, ga gero ya nuna ba mai yanka. Na naɗe tabarmata, na ce wa Umaru ya riƙe mini gadona, kaka ɗaya ce in dawo. Kakanka ya miƙe kafin sanyi ya shigo, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya yana cin tuwonsa yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ni ko ban koma ba. Shekarar farko gero ne. Ta biyu ruwan gulbi ya cinye shinkafa, na ce sai na mayar da abin da aka rasa. Ta uku aure. Ta huɗu kai.

Ba wanda ya hana ni komawa. Da hana ni aka yi, da ina da wanda zan gani da laifi. Yabo aka yi ta yi mini. Duk inda na gifta sai a ce ga ɗa na gari, ya bar boko ya zo ya tallafi ubansa. Yabon nan ya yi mini daɗi, na zauna cikinsa har lokaci ya wuce. Kai ma in ka dawo za a yabe ka, har a masallaci. Kada ka saurara. Masu yabon gida za su tafi su kwanta, kai za a bari da gonar da shekarun.

Bayan shekara uku Umaru ya dawo a matsayin malamin gona, da babur da wata doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle. Mu yafi muka gada, a watsa iri a bar wa Allah. Shi ya ce a rena iri a gefe, a cire shi yana ƙarami, a ja igiya, a dasa a kan kowane ƙulli. Ranar da ya zo majalisa da ita ni na fara ba shi kunya. Na ce, "Umaru, shekara uku a makaranta, igiya kaɗai anka ba ka? Da ka faɗa mani ai da na murɗa maka ita nan gida, ba sai ka tahi wani gari ba." Mutane suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi murmushi ya naɗe igiyarsa.

Shekara uku ina yafi, kuma rabin majalisar nan suna bina, don ana ganin na san noma. Waɗanda suka bi Umaru kuwa iri kaɗan suke kashewa, ciyawa ba ta ba su wahala don akwai hanya tsakanin layuka, ranar sussuka kuma kowa na da ido. Na sani tun shekarar farko cewa gaskiyarsa ce. Abin da ke cina daban ne. Duk na ga igiyar nan sai in tuna gadona da na ce ya riƙe mini.

Wata safiya na zagaya gonar da ya dasa, na ga igiyar a shimfiɗe a kan kunyar gonar, ba kowa. Na durƙusa ina auna tsakanin ƙulli da ƙulli da tafin hannu, don in je gida in yi tawa a ɓoye. Sai na ji muryar Umaru a bayana, "Sani, ɗauki wagga, ina da wata." Bai ƙara komai ba. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar da maganar a gaban mutane ba. Allah ya jiƙan Umaru. Duk buhun da ya shigo gidan nan tun daga shekarar, da hannunsa a ciki.

Yaya, ni ce Kulu. A nan Inna da ke tsince shinkafa a bakin ɗaki ta ce, "Malam, ka gaya mashi duka. Ka gaya mashi wa ya yage mani bakin zane yana ɗaura wa ƙulli alama." Baba ya ce, "Wannan ba ya cikin takarda." Inna ta ce in rubuta, zanen nata ne. Na rubuta. Baba ya ci gaba.

Idan ka gama karatu ka dawo da taka igiyar, ko wace iri ce, za a yi maka dariya. Ka duba wanda ya fi kowa ɗaga murya. Sau da yawa shi ne wanda abin ya fi yi wa ciwo. Kada ka rama. Ka bar masa igiyar inda zai iya ɗauka ba tare da an gan shi ba.

Yanzu maganar da ta fi yi mini nauyi.

Ka tuna lokacin da noman rani ya kankama a fadamar nan, kowa na kafa rijiyar bututu. Na sayar da shanun huɗata biyu na kawo injin ban ruwa biyu sababbi. Na ɗauka na gama da talauci. Ina share su da tsumma kamar doki, ba mai taɓa su sai ni. Wata rana na shigo gida na same ka bayan rumbu, kana shekara goma sha ɗaya, ka kwance murfin ɗaya daga ciki, ka jera ƙusoshi a kan faifan uwarka, ga wata 'yar sifana mai lamba goma a hannunka da ka saya da kuɗin barka da sallarka. Ban tambaye ka me kake nema ba. Guntun tiyo na ɗauka. Kai ka san sauran, jikinka ya sani. Na ƙwace sifanar na ce in na ƙara ganinka kusa da inji sai na karya hannun.

A lokacin mutum ɗaya ke gyaran inji a duk yankin nan, Tanko. Ya iya aiki, ba zan ci hakkinsa ba. Amma in zai buɗe kafireto sai ya juya mana baya ya baza rigarsa ya rufe, kamar mai yin lalle. In ka leƙa sai ya ce, "Malam, matsa, kana tare mani iska." Shekara da shekaru bai koya wa kowa ba, ko ɗan cikinsa.

Shekarar da ta biyo baya Tanko ya sami aiki wurin masu gina hanya, ya tafi Kudu bai yi sallama ba. Ana tsakiyar zafi, shinkafa ta yi ciki, lokacin da kwana uku ba ruwa ke kashe wahalar wata uku. Aka kawo wani fetur mai datti garin, injuna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Nawa biyu suka tsaya rana guda. Ina jan igiya har kafaɗata ta kumbura. Ka tsaya ka ji wannan da kyau, yaro. Ruwa na ƙarƙashin ƙafarmu. Inji na gabanmu. Mai na cikin jarka. Ƙasa tamu ce, mai kyau, gadon kakanni. Ba abin da babu sai mutum ɗaya, kuma rashin mutum ɗayan nan ya tsayar da fadama gaba ɗaya. Manyan magidanta muna zaune a kan kunya muna kallon ganye yana naɗewa.

Rana ta uku ka zo ka tsaya nesa da ni, inda hannuna ba zai kai ba. Ka ce, "Baba, in duba?" Na juya fuskata wajen gulbi. Ka fahimci abin da hakan ke nufi. Ka fito da sifanar da ka aro wurin mai facin babur, ka cire filogi ka kankare, ka kwance ƙoƙon kafireto ka zubar da laka, ka sa baki ka hura. Ja biyu inji ya tashi. Kafin azahar mutane sun yi layi da injunansu a ka, tsofaffi masu furfura suna cewa "Lawali, nawa na gaba." Kulu, wannan sunan su suka faɗa, ba ni ba.

Da yamma a majalisa aka ce mini, "Malam Sani, Allah ya ba ka ɗa." Ka san abin da na ce? Na ce, "Sa'a ce yay yi." Ban ce maka sannu ba. Ban mayar maka da sifanarka ba. Shekara goma ke nan maganar tana zaune a ƙirjina. To yau na faɗa. Ba sa'a ba ce, iyawa ce, kuma kai ka ceci shinkafar garin nan a shekarar. Na gode. Dukan da na yi maka kuma ka yafe mini.

Yaya, ni ce Kulu. A nan ban ɗaga kai na dubi Baba ba, na yi kamar ina gyara murfin biro.

Ya ce: Na gode wa Malam Garba fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Ranar da na kai ka garejinsa bayan ka gama sakandare, na ga ya kwance inji a tsakar fili ya tara yara kewaye da shi, yana miƙa wa kowa ƙarfe ya taɓa, yana tambayarsu wannan me yake yi. Shi ne kuma ya matsa maka ka sake zama jarrabawa har ka sami gurbin nan, alhali ya san in ka tafi ya rasa hannunsa na dama. Ka zama irinsa. Kada ka zama Tanko. Duk abin da ka koyo, ka buɗe shi a fili, ka bar yara su leƙa.

Za ka ce ai ka riga ka iya gyara, me ya rage. Da saura. Yanzu abin da wani ya ƙera kake tayarwa in ya mutu. Ka je ka koyo dalilin da ya sa aka ƙera shi haka, da yadda za a yi wanda ya dace da ƙasarmu da ruwanmu. Kai ma ka ga taraktocin da aka kawo da kiɗa da jawabi, yanzu suna jere bayan wani ofis, tayoyi sun nutse, kaji na ƙwai a kan kujerar direba. Ba ƙarfen ne ya yi laifi ba. An sayo shi ba a tanadi wanda zai riƙe shi ba. Abin da na yi da injuna biyu, shi manya suka yi da taraktoci. Na daɗe ina jin rediyo ana cewa ƙasar nan tana da arziki, ga ƙasar noma, ga ruwa, ga rana. Gaskiya ne. Mu ma ranar nan duk muna da su.

Yaya, ni ce kuma. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ce wa Baba an koya mana wannan a ajin tattalin arziki, malaminmu ya kira shi jarin ɗan Adam, wato ilimi da lafiya da iya aikin mutanen ƙasa su ne jarin da ya fi injuna da gine-gine kawo ci gaba. Baba ya dube ni ya ce, "Ashe su ma sun gano? Mu da gonar shinkafa munka biya kuɗin wanga darasi." Inna ta yi dariya har shinkafa ta zube. Ni dai kunya ta kama ni don na katse shi.

Ya ce: Tunda uwarka ta sa baki, bari in faɗi nata. Shekarun baya aka kira mata Birnin Kebbi a koya masu sabuwar hanyar turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Ta nemi izini na hana. Na ce matar da ta shekara ashirin tana dafa shinkafa ita za a koya wa dafa shinkafa? Da aka sake kira shekara ta gaba, Kawunku Isa ya zo da kansa ya roƙe ni, na bari don kunyarsa, ba don na gamsu ba. Kwana biyar ta yi tana zuwa tana dawowa. Ta zo da wani faifan ƙarfe mai huji-huji da ake sawa cikin tukunya, tururi kaɗai ke taɓa shinkafar, ba ta kwana cikin ruwa. Shinkafarta ta daina karyewa wurin casa, ta fito fara tas ba wari. Yanzu daga unguwannin Badariya da Gesse na Birnin Kebbi ake aiko mata. Tun da na kwanta, tukunyar nan ce ke riƙe da gidan nan, ita ke sayen maganina, ita ke kai Kulu makaranta. Kwana biyar, yaro. Na so in hana gidana wannan don kada a ce matata ta fita. Ta kuma koya wa mata biyar a unguwar nan.

Inna ta ce, "Bakwai." Baba ya ce in gyara, bakwai.

Ya ce: Duk wanda ke ƙarƙashinka wata rana, mata ce ko ɗa ko yaron gareji, in ya ce zai je ya koyo wani abu, ka tambaye shi kuɗin mota nawa ne, kada ka tambaye shi me zai yi da shi.

Saura ɗaya, ita ce ta kwantar da ni. Rabi ɗiyar maƙwabcinmu, wadda ke aiki a asibitin garin nan, ta auna ni bara ta ce jinina ya hau sosai. Ta ba ni ƙwayoyi ta ce kullum ɗaya, in rage gishiri, in dawo bayan wata. Na ce yarinyar da na ci naman sunanta ita za ta hana ni gishiri? Na sha na mako guda, na ji garau, na jefa sauran a aljihun tsohuwar riga. Ni da ban taɓa barin baƙin mai ya wuce lokacinsa a cikin inji ba. Ranar da na faɗi a gona, ita ɗin ce ta fara duba ni, ta san abin da za a yi kafin a kai ni Birnin Kebbi. Da iyayenta sun cire ta daga makaranta, da yanzu zaman makokina ka zo, ba shawara nake ba ka ba. Allah ya yi mata albarka. Kai kuma a can ka ci abinci a kan lokaci, kada ka sayi littafi da kuɗin tuwo ka zauna da yunwa. In ka ji jikinka ba daidai ba ka je a duba ka, ko mai dubawar bai kai ka shekaru ba.

Na san abin da ke ranka. Kana cewa duk na ji, amma wa zai riƙe gonar? Kawunku Isa zai tsaya a kan dashe da yanka, mun gama magana. Rabin fadamar za mu noma bana, rabin ta huta. Za a ji a jiki, ba zan ɓoye maka ba, wataƙila ba sabon ɗinki da salla. Fadama na nan inda kakana ya bar ta, bayan shekara biyar ma nan za ka same ta. Gurbin makaranta kuwa na gwada, na ce a riƙe mini, na ga yadda ake riƙewa.

Saura inji, don na san shi ne ke hana ka barci. Kulu, rubuta abin da ya faru ranar Talata.

Yaya, na roƙe shi ya bar wannan, ya ƙi. Ya ce in rubuta da bakina.

Ranar Talata da yamma Kawu ya ɗauki Baba a babur zuwa wurin renon iri don ya sha iska, ni kuma na bi su da ruwan sha. Ana cikin ban ruwa inji ya yi tari ya mutu. Kawu ya yi ta ja bai tashi ba, ya ce sai dai a jira Lawali. Na tsaya ina jin tsoro, don Baba bai san kana koya mini a bayan rumbu duk hutun da ka zo ba. Amma ga irin kwana tara kacal, ga ƙasa ta fara tsagewa. Na ce, "Baba, in duba?" Kawu ya yi dariya ya ce, "Ke Kulu, wanga ba tukunyar miya ba ne." Baba ya juya fuskarsa wajen gulbi. Na buɗe jakar kayan aikin da ka bari, na cire filogi na ga ya yi baƙi ya jiƙe, na goge na kankare kamar yadda ka nuna mini, na kwance ƙoƙon ƙasa na zubar da ruwan da ya taru. Ƙusa ɗaya ta faɗa cikin laka, na daɗe ina lalube. Kawu ya ja sau uku ya tashi. Shi ke nan abin da ya faru. Aikinka ne, ni bi kawai na yi.

Baba ya ce: Na daɗe da sani. Tun bara nake ganin baƙin mai a bakin hijabinta, na yi shiru. Sifana na ƙwace a hannunka, abin da ke cikin kanka ban iya ƙwacewa ba, ga shi har ya tsallaka kan ƙanwarka ba da izinina ba. Ranar Talata ban ce sa'a ce ba. A gaban Kawunku na ce mata sannu, Allah ya yi albarka. Ka ga ko a kwance mutum na koyo.

Saboda haka makullin ɗakin inji yana hannun Kulu daga yau. Da yamma da ranakun hutu za ta riƙa zuwa, ba za ta rasa aji ko ɗaya saboda gona ba, wannan alkawari ne. In abu ya fi ƙarfinta, Malam Garba na nan, Argungu ba nisa. Ka zo ranar Asabar da jakarka a ɗaure, ka kwana biyu uwarka ta gan ka, ranar Litinin da asuba Kawunku ya kai ka tashar Birnin Kebbi. In ka zo da niyyar zama, tuwo za ka samu, amma makulli ba za ka samu ba.

Allah ya kai ka lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da mugun aboki. Ya buɗe maka kai, ya haɗa ka da malamai masu buɗe hannu, ya dawo mana da kai da abin da garin nan zai ci moriya bayan ba mu. Ka riƙe salla a kan lokaci. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ban san abin da ka yi mini ba sai alheri.

Nan maganar Baba ta ƙare.

Yaya, abu mai nauyi da za ka ji a cikin ambulan ɗin nan, Baba ne ya aike ni in ɗauko a ƙasan akwatinsa na ƙarfe, naɗe cikin wata tsohuwar hula. Sifanar ce. Ba tsatsa ko kaɗan, da alama ana shafa mata mai.

Da na karanta masa takardar daga farko, ya ce saura abu ɗaya, in miƙo biro. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Ya riƙe biron da hannun hagu, na danne masa takardar a kan gwiwata, ya daɗe yana ja. Rubutun ajamin da za ka gani a ƙasa, wanda ya karkace ya kusa fita daga layi, nasa ne. Sunanka ne. Bai furta ba, amma ya rubuta shi cikakke.

Kawu zai kawo maka takardar nan gobe bayan sallar Juma'a. Ka yafe mini kurakuran da ke ciki, da wurin da tawada ta ɗan baje.

Ina da roƙo ɗaya, in ban wuce wurina ba. Injin nan yana wani ƙara idan ya yi zafi, ban gane shi ba, kuma akwai abubuwa da yawa da nake jin nauyin tambayarka ido da ido. In ka ba ni izini in riƙa rubuto maka, ka bar mini adireshin makarantar ranar Asabar. Can nake so takardata ta same ka.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Hauwa'u Kulu,
da yawun Baba.